Kuɗin da Aka Yanka wa Rago

A Jimeta ba mai kuɗi. Ka bi babbar kasuwa rumfa-rumfa, ka zaga Bekaji, ka hau Dougirei inda katanga ta fi tsayin mutum biyu, ka tambayi duk wanda ka ga dama, amsar ɗaya ce: "Wallahi ba ni da komai a ƙasa." In ka matsa, ka ce to waɗancan da ke kwance a banki fa, sai ya gyara zaman hula ya ce ai waɗannan ba kuɗi ba ne, na gini ne. Wani ya ce na auren yarinya ne. Wani na Makka, wani na makarantar yaro, wani na mota, wani kuma na ko-ta-kwana. Kowace naira an yanka mata rago an raɗa mata suna, kuma masu ita sun yanke wa kansu hukunci cewa duk kuɗin da ya samu suna, zakka ba ta san hanyar gidansa ba.

Na taɓa rubuta cewa ta sani, sai kuka yo mini caa. To ku zo mu zauna. Ba fatawa zan ba ku ba, wannan aikin modibbai ne, kuma Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, bai rasa su ba. Abin da aka karantar da mu a zaure kawai zan tuna muku, don na lura kowa ya haddace babin alwala da na ƙabli da ba'adi, amma da an buɗe babin zakka sai gyangyaɗi ya kama ɗalibai.

Bari in fara da kai, Hamma, mai fuloti a Sangere. Hujjarka ta fi ta kowa kyan gani. Ka ce gidan zama ba a yi masa zakka, kai kuma gidan zama kake tara wa kuɗi, saboda haka kuɗin sun ci albarkacin gidan. Rabin farko gaskiya ne. Gidan da kake ciki, ko na miliyan ɗari ne, ba zakka a kansa. Motar hawanka babu. Fulotin da ka saya don ka gina, ba don ka sayar ba, babu. Bulon da ka buga, rodin da ka jibge, kwanon da ke jingine a zauren maƙwabci, duk babu. Amma Hamma, ina gidan? Ni dai abin da na hango a wayarka lambobi ne.

Tambaya uku ake yi wa tsabar kuɗi. Naka ne, kana iya juya su yadda ka ga dama? Sun kai nisabi? Shekara ta zagayo a kansu, shekarar watan sama mai kwana 354? In amsar ta zama e har sau uku, sai a fitar da ɗaya cikin arba'in, wato naira 25,000 a kowace miliyan. Ka buɗe Risala, ka buɗe Iziyya, ba za ka ga tambaya ta huɗu mai cewa "me kake nufin yi da su?" ba. Dalilin kuwa a fili yake. Gobe da safe in wani ya bugo ya ce ga tirelar masara a farashi mai rahusa, kuɗin ginin nan za su tashi su zama kuɗin masara kafin a kira azahar, kuma ba wanda zai tare ka. Sunan da mai shi zai iya sauyawa yana kwance a gadonsa, ta yaya za a ɗora hukunci a kansa? Da niyya tana kayar da zakka, da tun zamanin sahabbai ba wanda ya taɓa fitarwa, don ba mahalukin da ke ajiye kuɗi ba tare da yana harin wani abu ba.

Mafita kake so? Akwai, ta halal kuma: ka je ka yi ginin. Ka bi bayan Sangere ko Damilu ka ga waɗanda suka riga ka. Gini ya kai linta ya tsaya, ciyawa ta fito a inda za a yi falo, awakin unguwa suna shan inuwa a ɗakin amarya, rodi ya leƙo ta saman ginshiƙi ya yi jajir da tsatsa. Ka raina shi, amma mai wannan kangon ya fi ka hujja, don kuɗinsa sun riga sun zama gida, ko da ba rufi. Sai dai kada ka jira sai saura kwana biyu shekara ta cika ka ruga ka sayo siminti ba don gini ba, don dai kada miskini ya samu. Malikiyya ba sa wasa da mai irin wannan dabara: wanda ya musanya garkensa dab da zuwan mai karɓar zakka don ya kuɓuta, sun ce a karɓa a hannunsa. Labarin masu gonar nan na Suratul Ƙalam, da suka yi sammakon girbi don kada matalauta su ji, kai ma ka san yadda suka tarar da gonar.

Sai Malam mai lissafi, ma'aikacin sakatariya, wanda ya ce in dai kowace shekara za a tsakuri kuɗin, ai ba ranar da za su kai. Malam, tunda lissafi kake so, mu yi. In aka ajiye kuɗi ba a ƙara ko kwabo ba, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari duk shekara, sai an haura shekara 27 kafin su dawo rabi, kuma da sun sauko ƙasa da nisabi zakkar ta tsaya cak. Yanzu kalli ɗaya ɓangaren. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira ta nemo wa kanta daraja a watan da ya biyo, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, a lissafin hukuma ma. Da irin wannan gudun, darajar ajiyarka tana rabewa biyu kafin shekara uku. Buhun simintin da kake saye wajen naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Wannan asarar ka haɗiye ta da "Allah ya kyauta". Amma 25,000 ɗin miskini ce ta hana ka barci har ka zauna ka rubuto mini shafi guda.

Ban manta Janairun 2023 ba, lokacin canjin kuɗi. A layin wani banki a Jimeta na ga wani dattijo da jakar Gana-mas-go tsakanin ƙafafunsa. Da ya zuge ta, warin rima ya bugi na kusa. Robar da aka ɗaure bandir ɗin da ita ta narke ta manne a jikin takardun, gefen wasu ya yi baƙi, kuma sa hannun da ke jikin 'yan dubu-dubun na Sanusi Lamido Sanusi ne, wanda ya bar kujerar gwamnan Babban Banki tun 2014. Wani ya tsokane shi, sai ya ce na gini ne. Ban tambaye shi zakka ba, don ba a tambayar dattijo irin wannan a bainar jama'a. Amma ku da nake iya tambaya, ku sani zakkar shekarun da suka wuce ba ta ruɓewa tare da takarda. Kuɗin da ke hannunka, kowace shekara da nata.

Adda, na ga kina murmushi, kina cewa wannan rigimar maza ce, ke taki ajiyar ba a banki take ba. Na sani. Tana cikin 'yar ƙaramar jaka, cikin babbar jaka, ƙarƙashin atamfofin da ba a ɗinka ba: sarƙa, awarwaro, ɗankunne, duk gwal, an tanada don ranar da za a yi wa 'yar auta kayan ɗaki. Kin kuma ji cewa a mazhabarmu gwal ɗin mace ba zakka. Haka ne, wanda take sawa don ado. Amma Muhtasar na Halil, littafin da alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da shi, ya ware wanda aka ajiye don wata buƙata ta gaba, da wanda namiji ya tanada don sadakin matar da zai aura, ya ce waɗannan a yi musu zakka. Kin ga ke nan tambayar da muke ta muhawara a kanta a yau, an amsa ta tun ƙarni na 14, kuma da misalin aure aka amsa ta. In gwal ɗin na sawa ne, ki sa shi mu gani ranar biki. In kuwa shekara biyar ba wuyan da ya gan shi, kuma ke da kanki kin san ranar da za a kai shi wurin mai awo kike jira, to ki sa a auna giram ɗin.

Samari masu tara kuɗin lefe, ku ma kuna ciki, sai dai ku kun fi kowa ba ni dariya. Duk lokacin da aka fitar da sanarwar nisabi, irin wadda Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato kan fitar, layi uku ne a jere: nisabin zakka, mafi ƙarancin sadaki, sai diyya. Idonku yakan tsallake layin farko ya dira a na biyu, ku riƙe wannan rubu'in dinarin gam, ku kai wa waliyyin yarinya a matsayin hujja. Takarda ɗaya ce fa. Rubu'in dinarin da kuke so ɗin nan, in kun ninka shi sau 80, shi ne nisabin da ba ku son gani.

Yanzu kuma ga Alhajin gobe, wanda ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce kuɗin Allah ne, ɗakin Allah za a kai su, yaya kuma za a sake cire wa Allah wani abu a ciki? Bappa, da girmanka, shika-shikan nan biyar ne, zakka ce ta uku, hajji na biyar. Ba a tsallake ta uku a dira a ta biyar. Hajji bai hau kanka ba sai ka samu iko, zakka kuwa ta hau kanka ranar da shekara ta cika. In fitar da ita ya sa kuɗin kujera ba su kai ba bana, ba a rubuta maka laifi ba, sai ka jira baɗi. Abin da ka riga ka biya wa hukumar alhazai ya fita daga hannunka ya zama kuɗin kujera, malamai da dama ba sa ganin zakka a kansa. Amma wanda ke cikin asusunka, ko da asusun adashin gata ne irin wanda hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ƙaddamar tare da bankin Jaiz a 2020, sunanka ne a jiki, naka ne. Mutanen Maleshiya sun daɗe da gane haka. Asusunsu na Tabung Haji, wanda ya faro tun 1963, shi yake fitar da zakka a madadin masu ajiya, ba wanda ya ce don kuɗin Makka ne an yafe.

To amma Bappa, zauna tukuna, kada hawan jini ya tashi a banza. Nawa ne a asusun? Nisabi dinari 20 ne, wajen giram 85 na zinare, kuma da zinare ake yin sanarwar da aka saba bi a Arewa. A 2025 wannan ya haura naira miliyan 10. Kujerar hajjin 2025 kuwa, ga mai tashi daga Yola ko Maiduguri, miliyan 8.3 ce da ɗoriya, ƙasa kaɗan da ta sauran Arewa, don mu mun fi su kusa da gabas. Ma'ana, in kuɗin kujera ɗaya tak ka tara a wannan shekarar, kuma ba ka da wata ajiya, ko kayan sayarwa a shago, ko gwal na ajiya da za a haɗa, to a ma'aunin zinare ba ka kai ba. Ihun da kake ta yi, na bashin da ba a bin ka ne. Ina zargin rabin masu yo mini caa haka suke: suna kare dukiyar da ba su tara ba tukuna. Allah ya kai ku, mu ma mu samu abin faɗa.

Kada dai ka yi saurin tashi ka kaɗe riga. Akwai ɗaya ma'aunin, na azurfa, dirhami 200, wajen giram 595, wanda a farkon 2025 bai wuce wajen naira miliyan ɗaya ba. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ma'aunan biyu kusan kai ɗaya suke. Azurfa ce ta faɗi daga baya ta bar zinare a sama. Malamai irin su Yusuf al-Ƙardawi sun rinjayar da zinare, wasu kuma sun ce a bi azurfa don ta fi amfanar matalauci. Ni dai ra'ayina, wanda ya bi zinare ya bi hanya sananniya, ba abin zargi. Amma mai miliyan tara a banki da ke kiran kansa talaka saboda bai kai nisabi ba, ya daure ya rage murya in yana cikin mutane.

Ƙanena ɗan jami'ar Modibbo Adama kuma ya zo mini da bincike. Ya gano cewa a cikin malaman Hanafiyya akwai wanda ya ce kuɗin da aka tanada don buƙatun dole ba su da zakka. Madalla da ƙoƙari, maganar tana nan, kodayake manyan marubutan mazhabar sun ce tsabar kuɗi ana yi musu zakka ko don me aka ajiye su. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, yaron da ya tashi a kan Ahalari da Ishmawi, bai taɓa neman ra'ayin Abu Hanifa a kan alwala ko azumi ba, sai ranar da aka ce ya fitar da kuɗi. In za ka ƙaura zuwa Hanafiyya, ka kwashi kayanka duka. A can, sarƙar da mahaifiyarka ke sawa kullum ma ana yi mata zakka. A can, mabiya mazhabar a Indiya da Pakistan da azurfa suke awo, ka ga a farashin farkon 2025 miliyan biyun da ka tara ta sayen mota ta shiga ciki tsundum. Har yanzu kana son tafiya?

Abin da ya fi ba ni kunya a madadinku, 'yan albashi da 'yan kasuwa, shi ne in na tuna manomin Geriyo. Wannan bawan Allah da ke noman rani da injin ban ruwa, yana sayen fetur a farashin yau, in shinkafarsa ta kai wusƙi biyar, wajen kilo 650, ɗaya cikin ashirin zai fitar, ninki biyu na naku. In ruwan sama ne ya shayar, ɗaya cikin goma. Ba a jira masa shekara, ranar girbi ne. A Malikiyya ko bashin taki ne a wuyansa, ba ya rage zakkar amfanin gona. Shi ma fa yana da 'yar da zai aurar, shi ma ɗakinsa na yoyo. Haka makiyayin da ke kai shanu kasuwar Ngurore. Abokan wasansa Barebari sun ce ya gwammace ya kwana da yunwa da ya taɓa saniyarsa, amma in garke ya kai 30 yana fitar da maraƙi, in tumaki da awaki sun kai 40 yana fitar da ɗaya. A mazhabarmu har shanun huɗa da na turke ana ƙirgawa. Kun taɓa jin ya ce waɗannan goman kada a lissafa, na auren ɗansa ne? Shanun nan su ne bankinsa, su ne fanshonsa, su ne kuɗin gininsa.

Masu cewa bashi ya yi musu katutu, kuna da gaskiya daidai gwargwado. Bashin da ke kanka ana cire shi daga tsabar kuɗinka kafin a duba nisabi, matuƙar ba ka da wata kadara ta daban da za ta iya biyansa. Amma bashin da ka ci ake nufi, ba wanda kake shirin ci ba. Kuɗin makarantar da za ka biya baɗi ba bashi ba ne yau, haka kuɗin magini da bai ɗora bulo ko ɗaya ba. Zubin adashin da ya rage maka bayan ka kwashi naka, wannan ana bin ka. Ragowar sadakin uwargida da aka ce ajalan ne tun kafin a haifi babban ɗanku, shi ma bashi ne na gaske, ka cire shi a lissafi. Sai dai tunda ka tuna da shi yau, ka biya ta.

Mai tara albashi wata-wata kuma, da ke cewa bai san daga ina zai fara ƙirga shekara ba: a asalin mazhaba kowane sabon kuɗi da shekararsa, amma malaman zamani sun sauƙaƙa, sun ce ka riƙe ranar da ajiyarka ta fara kai nisabi, duk shekara in ta zagayo ka duba abin da ke ciki gaba ɗaya ka fitar. Ranar ba dole sai a watan azumi ba, kuma buhun gero da katan ɗin taliyar da kake raba wa masu gadin ofis don su riƙa buɗe maka ƙofa da sauri, kai ma ka san sunansu daban.

Saura mutum ɗaya, wanda ya yarda da komai amma ya ce matsalarsa ba ya ganin talakan gaskiya, duk 'yan maula ne. Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas. Iyayenka da matarka da 'ya'yan da ciyarwarsu ke wuyanka ba sa ciki, tayil ɗin masallacin unguwa ma ba ya ciki. Amma ƙanin mahaifinka da bashin asibiti ya durƙusar yana ciki, haka maƙwabciyarka mai marayu da ke tuya a bakin titi. In kuma waɗannan ba su gamsar da kai ba, Kawu, a Yola kake fa. Garin nan ne mutanen Mubi da Michika da Madagali suka kwararo cikinsa a 2014, wasu suka zauna a Malkohi. A Yulin 2025 ruwa ya shiga Shagari da Yolde Pate da Sabon Pegi da tsakar dare, ya tafi da rayuka, ya rushe ɗakunan da masu su suka yi shekaru suna tara wa kuɗi kamar yadda kake tarawa. Daga Jimeta ka tari keke, ka ce a sauke ka a Shagari, ka nemi mai unguwa ko limamin masallaci, kafin ka gama gaisawa an lissafa maka gidaje. Kuɗin keken dai daga aljihunka za ka biya, kada ka cire a cikin zakkar.